Kwana uku ko bakwai? Abin da na gani a jirgin ruwa da yara uku

Sau biyu muka shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa da yara, duka daga tashar Mina Rashid ta Dubai, domin a Sharja muke zaune, can maigida yake aiki. Na farko a Janairun 2024, kwana uku. Na biyu a hutun makaranta na Disamban shekarar, kwana bakwai. Yarana uku ne. A tafiya ta biyu babbar tana da shekara 11, ƙaninta 7, auta kuwa ya ɗan haura uku. Tun da muka dawo ƙawaye ke tambayata kwana nawa ya kamata su biya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kwana ukun nan da ake tallatawa, ki sani yini biyu ne kacal. Ranar shiga ba rana ba ce. Mun isa tasha da hantsi, muka bi layin fasfo, aka ba kowa katinsa, wanda shi ne makullin ɗaki kuma da shi ake sayen komai a ciki. Ɗaki bai buɗe ba sai bayan azahar, akwatuna kuma sai dab da magariba aka kawo su. A tsakani aka kira kowa atisayen gaggawa, wanda dole ne kafin jirgi ya tashi, har jarirai. Daren ƙarshe kuma tun kafin a kwanta ake so ki haɗa kaya ki ajiye a ƙofa, washegari da sassafe a ce ku fita a gyara wa wasu. To ina hutun yake? Ranar da yaran suka gane hanyar ɗakin cin abinci ba tare da sun ɓata ba, ranar na fara naɗe kaya. Ɗana na tsakiya ya yi kuka sosai a bakin fita, yana cewa, "Umma, jiya fa na yi aboki." Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa da aka zo tafiya ta biyu na ce wa Baban yara mu ɗauki mako guda cur.

Hanyar mako gudan ta bi Doha, Bahrain, Abu Dhabi da tsibirin Sir Bani Yas, sannan ta dawo Dubai. Ruwan Tekun Fasha a kwance yake a yawancin ranaku, babu wanda ya yi amai a cikinmu, sai dare ɗaya da iska ta taso muka ji ɗan lilo. Sanyin Disamba a nan mai daɗi ne, da yamma dai sai an sa wa yara rigar sanyi idan za a hau saman jirgi.

Kwana huɗun farko ba ni da abin cewa sai alhamdulillahi. Akwai wurin wasan yara da aka raba bisa shekaru, da ma'aikata masu kula da su. Babbar da ƙaninta tun da safe suke tafiya, sai yunwa ta koro su. A tafiyar farko auta yana cikin famfas, saboda haka ba a bari ya shiga ruwan wanka ba, ba kuma a karɓe shi a wurin wasa shi kaɗai ba, ni ce na yini da shi a goye. A wannan karon ya cika uku, ya daina famfas, aka karɓe shi. Ranar na zauna da kofin shayi awa guda ina kallon teku, babu mai jan zanina. Rabona da irin wannan zaman har na manta.

A Doha mun je Souq Waqif, yara suka tsaya kallon shahuna a ɓangaren da ake sayar da su, kowanne an rufe masa ido da 'yar hular fata. Bahrain kuwa tashar tana da nisa da cikin Manama, mun daɗe a mota kafin mu kai masallacin Al Fateh, muka dawo a gajiye. A nan na fara ganin alamar abin da ke tafe, ban dai kula ba.

Rana ta biyar ce ta nuna min iyakar auta. Mun sauka Abu Dhabi, muka ɗauki mota zuwa masallacin Sheikh Zayed, mai ƙubba 82, wanda na daɗe ina son yarana su gani. Muna cikin farfajiyar, ga farin dutse yana ɗaukar ido, sai yaron nan ya zame daga hannuna ya kwanta rub da ciki a ƙasa. Ba ihu yake yi ba, wani siririn kuka ne na gajiya, yana maimaita, "Gida, Umma, gida." Babansa ya ɗauke shi a kafaɗa, kafin mu kai ƙofa ya yi barci, takalminsa ɗaya a hannuna. Kwana huɗu ke nan bai yi barcin rana yadda ya saba ba, dare kuma ba ya kwanciya sai bayan goma, domin abincin dare a makare ake ci, ga kiɗa da fitilu ko'ina. Abincin ma ya daina ci, sai farar shinkafa da burodi. Allah Ya sa na taho da garin kunu da ɗan yaji a jaka. Ba a yarda da butar dafa ruwa a ɗaki ba, sai in je ɗakin cin abinci in cika filas da ruwan zafi in dama masa.

Washegari a Sir Bani Yas ban sauka ba. Baban yara ya tafi da manyan biyu, suka shiga motar zagaye suka ga raƙuman dawa da barewa da farin mariri na Larabawa, a tsibirin da marigayi Sheikh Zayed ya mai da wurin kiwon namun daji. Ni da auta muka zauna a jirgi wanda ya zama kamar namu mu kaɗai, ya yi barci awa uku, ya tashi ya ci abinci. Da na san haka ne, da tun a Bahrain na yi wannan zaman. Ba dole ba ne a sauka a kowace tasha, duk da zuciya tana cewa an biya kuɗi.

Manyan kuwa ko a jikinsu. Ranar ta bakwai babbar tana tambayar babanta ko akwai na mako biyu.

Akwai abubuwan da suke ƙaruwa da yawan kwanaki waɗanda ba a faɗa miki a talla, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Kuɗin hidimar ma'aikata a kan kowane mutum ake lissafa shi, kowane dare. Mu biyar ne, ki ninka sau bakwai. Ruwan gora na saye ne, intanet na saye ne, motar zagayen gari da kamfani ke shiryawa ita ma tsada gare ta fiye da tasi. Yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, don haka sai da muka kama biyu masu ƙofa a tsakani. Sai wanki. A kwana uku ba ki buƙatarsa, a bakwai kuwa da yaro ƙarami ba makawa. Kuɗin wankinsu a kan kowace riga ne, na duba takardar na mayar da ita aljihun tebur. A kwanon wanke hannu nake wanke kayan auta da dare, in shanya a igiyar banɗaki, wadda ba ta ɗaukar fiye da riga huɗu. Dutsen guga ma ba a shiga da shi.

Maganar abinci, mun tambaya tun ranar farko wane nama ne halal, aka nuna mana, inda muka yi shakka muka tsaya a kifi da ƙwai da kayan lambu. Salla kuwa alƙibla tana juyawa idan jirgi na tafiya, inda kika fuskanta da azahar ba lallai nan ne da isha ba. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da shi maigida yake gane mana alƙibla. Mu masu fasfo ɗin Najeriya kuma, a duba batun bizar kowace ƙasa kafin a biya ko sisi, domin doguwar tafiya tana nufin ƙasashe da yawa. Ta kwana ukun ba ta fita daga Daular Larabawa ba, ta bakwai ta taɓa ƙasa uku.

Idan ƙaramin cikin yaranki ya kai shida, ki ɗauki kwana bakwai, kuɗinki ba zai tafi a banza ba, amma ki ware rana ɗaya a tsakiya da ba za ku sauka ba. Idan kina da ɗan shekara uku ko huɗu, kwana huɗu ya ishe ku, lokacin da muka je akwai masu sayar da hakan a wannan hanyar. Wanda bai kai uku ba kuwa, ni da na goya nawa yini biyu a bakin ruwan wankan da ba zai shiga ba, shawarata ki jinkirta sai ya ƙara wayo. Mu dai mun tsayar da magana da Baban yara, ba za mu sake yin mako guda ba sai auta ya shiga firamare.