Madannin tayar da ƙararrawar gobara marar waya: abin da na gani bayan na kafa shi na gwada

Na'urar gano hayaƙi ba ta da ido. Sai ta jira hayaƙi ya hau sama ya shiga cikinta kafin ta yi kuka, alhali mutumin da ke tsaye a wurin ya riga ya ga harshen wuta tun hayaƙin bai kai silin ba. Wannan tazara da ke tsakanin ganin mutum da farkawar na'ura ita ce ta sa na sayi madannin tayar da ƙararrawa da hannu, ƙanin jan akwatin nan da ake gani a bangon otal da asibiti, sai dai shi na gida ne, kuma ba a ja masa waya ko ɗaya. Na yi wata uku da shi kafin na zauna rubuta wannan sharhi.

Gidan da na kafa shi bene ne mai hawa biyu, kuma tun da farko akwai na'urori biyar da ke magana da juna ta rediyo: huɗu na hayaƙi, ɗaya ta zafi a kicin, wadda ba ta kula da tururi ko ƙaurin girki sai zafin ɗakin ya kai wajen digiri 58 a ma'aunin Celsius. Idan ɗaya ta yi kuka sauran duka su amsa, tsarin da amfaninsa ya kai har Sikotland ta mai da shi doka ga kowane gida tun watan Fabrairun 2022. Inda tsarin ya gaza mini shi ne gareji, domin ƙura da hayaƙin mota sukan ruɗi na'urar hayaƙi ta yi ta ihun ƙarya, shi ya sa ba a cika sa ta a can ba. A garejin kuwa nake cajin baturan kayan aiki, kuma wanda ya ga wuta a can zai iya yin kururuwa har muryarsa ta dushe ba tare da mai barci a sama ya ji ba.

A cikin kwali na tarar da madannin, da farantin da ake ɗaurewa a bango, da sukurori biyu da robobinsu, da ɗan makulli na roba, da takardar bayani. Siffarsa ta bi ta waɗanda ake yi bisa ƙa'idar Turai ta EN 54-11, wato ja ne mai kusurwa huɗu, da farin fili a tsakiya inda ake dannawa. Ba irin na da ba ne da ake fasa gilashi a sayi sabo. Filin nasa roba ce da ke lotsawa ciki ta maƙale, sai an sa makulli ta dawo. Jikinsa bai yi mini kama da abin da zai fashe don ya faɗi sau ɗaya ba, kuma batirin litiyam ɗin a rufe yake ciki, masu shi sun ce zai kai shekara goma, daidai da wa'adin da ake ba na'urorin hayaƙi kansu kafin a sauya su.

Haɗa shi da sauran na'urorin shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma nan ne takardar bayanin ta fi ba ni haushi, domin ta taƙaita abin a zane uku marasa rubutun kirki. Abin da ake yi shi ne a danna ɗan madannin haɗi da ke jikin kowace na'ura har fitilarta ta fara ƙiftawa, sa'an nan a danna na sabon, a bar su su san juna. Takardar ba ta faɗi cewa yawan ƙiftawar fitila shi ne ƙidayar na'urorin da suka shiga rukunin ba, sai da na lura da kaina: kafin na ƙara shi sau biyar take ƙiftawa ta huta, bayan na ƙara shi ta koma shida. Wanda bai san wannan ba zai rufe aikin bai tabbatar da komai ba. Haka kuma wajibi ne a fitar da na'urorin daga yanayin haɗi idan an gama, domin in maƙwabci yana da irinsu kuma ya yi nasa haɗin a daidai lokacin, sai gida biyu su zama rukuni ɗaya, ƙaurin kicin ɗinsa ya riƙa tashin iyalinka.

Ɗaure shi a bango bai kai minti goma ba: huda biyu, roba biyu, sukuru biyu, sai a tura shi kan farantin har a ji ya ce ƙas. Tsayin ne ya sa na tsaya tunani. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 5839 ta ba da mita 1.4 daga ƙasa, ta Amurka kuma, NFPA 72, ta sauko da shi tsakanin mita 1.07 da 1.22, tsayin da mai keken guragu zai kai ba tare da wahala ba. Na zaɓi mita 1.4 saboda hannun ƙananan yara, ko da yake babban yaro da ya kamata ya iya amfani da shi yana kaiwa. Wurin da ya dace shi ne bakin ƙofar fita, ta yadda mutum zai danna yana kan hanyarsa ta tsira, kada ya koma cikin ɗaki neman madanni.

A nan ne na yi kuskuren da ya koya mini fiye da duk abin da ke takardar. Na haɗa na'urorin a kan tebur guda, suna dab da juna, komai ya amsa, sai na ɗauka magana ta ƙare. Na ɗaure madannin a gefen akwatin ƙarfe na rarraba wutar lantarki, kusa da ƙofar garejin wadda ita ma ƙarfe ce. Da na zo gwaji, na gaya wa mutanen gida kada su firgita, na sa ɗaya ya tsaya a ɗakin da ya fi nisa a sama da waya a kunnensa, na danna. Ta falo ta ɗauka nan take, ta matakala ta bi ta, ta kicin ta shiga, ta barandar sama ta yi ɗan jinkiri ta amsa, amma ta ɗakin ƙurya shiru kake ji. Da a ce a ƙasa kawai na tsaya, da ban taɓa sani ba, domin kowace na'ura tana fitar da ƙara mai ƙarfin aƙalla desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) a nisan mita 3, kuma idan huɗu suka haɗu suna ihu babu kunnen da zai gane cewa ta biyar ba ta ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Saƙon yana tafiya a zangon rediyo na megahaz 868, wanda a Turai aka ware wa ƙananan na'urori irin waɗannan, kuma ƙarfe yana tare shi, rodin da ke cikin kankaren da ya raba ƙasa da sama yana rage masa ƙarfi, ga shi nisan da ake rubutawa a kwali na fili ne inda babu bango. Na cire madannin na mayar da shi ɗaya gefen ƙofar, nesa da akwatin lantarkin da kamar taku biyu, na sake haɗin kowace na'ura tana mazauninta na dindindin, domin a wannan tsarin kowace ɗaya tana miƙa saƙo ga ta gaba, kuma amsawar da suka yi a kan tebur ba ta nuna cewa saƙon zai kai a cikin gini ba. A gwaji na biyu duka biyar suka amsa, ta ƙuryar tana ƙarshe da 'yan daƙiƙoƙi. Ramuka biyu na banza da suka rage a bangon laifina ne, amma da layi ɗaya a takardar ya gargaɗe ni game da ƙarfe, da ban huda su ba.

Kashe ƙarar ma yana da nasa darasin. Madannin shiru da ke jikin na'urorin silin ba ya aiki muddin filin robar yana lotse, kuma haka ya kamata, tunda gargaɗin da mutum ya tayar da gangan bai dace wani ya kashe shi daga wani ɗaki ba. Sai an zura makullin ta ƙasa an murɗa, filin ya dawo, sa'an nan gidan ya yi tsit bayan ɗan lokaci. Matsalar ita ce makullin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, guda ɗaya tak aka bayar, kuma ranar gwajin farko na yi ta lalubensa a aljihu ƙararrawa na huda mini kai. Yanzu yana rataye da zare a saman ƙofar, inda babba zai gani yaro ba zai kai ba.

Akwai abin da na so a ce yana da shi: murfi mai haske da ake ɗagawa kafin a danna, wanda zai hana kafaɗa ko tsani ko yaro mai son ja tayar da gida a banza. Ana sayar da shi daban, kuma a ganina bai kamata a raba su ba. Mai niyyar saye ya kuma sani cewa madannin ba ya jin yaren na'urorin wani kamfani, dole ya zama na gidan da ya ƙera na silin ɗinsa, sa'an nan ba ya kiran 'yan kwana-kwana, aikinsa tayar da mutanen gida ne kawai, kiran kuwa yana wuyan wanda ya fita.

Ga mai ƙaramin gida inda murya ke kaiwa ko'ina, ban ga abin da zai ƙara masa ba. Ga mai bene, ko mai gareji ko shagon aiki a jikin gida, ko wanda ke da tsoho mai nauyin ji, ya cancanci wurinsa a bango, da sharaɗin a gwada shi daga ɗakin da ya fi nisa. A manyan gine-gine duk mako ake gwada irinsa; ni ina yi sau ɗaya a wata tare da na'urorin hayaƙi, kuma a kowane gwaji wani yana tsaye a ɗakin ƙurya yana faɗa mini ta waya ko ta amsa. Sau uku ke nan tana amsawa.