Fizgar jiki da matsin rayuwa: abin da na tarar a Ingila

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kowa na gida. Kin tambaye ni ko ƙyafta ido da gyaran muryar da nake yi tun ina firamare sun bar ni, tunda na babban ɗanki sun dawo daga lokacin da kasuwa ta tsaya masa a Muda Lawal ga kuɗin haya a wuya. Ba su bar ni ba. Sun lafa ina saurayi, amma da na zo Manchesta na shiga aikin dare, ga fargabar sabunta biza, ga buƙatun gida, har ɗaga kafaɗa ya ƙaru.

A nan likita ya ce min larurar Turet ce, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1885. Daga ƙwaƙwalwa take, tana kuma bin dangi. Yawanci takan fara da ƙuruciya, ta yi tsanani wajen shekara 10 zuwa 12, sannan ta ragu, amma wasu sukan girma da ita. Damuwa ba ita ke haifar da ita ba, sai dai tana hura ta, haka ma gajiya da rashin barci. Kafin motsin ya zo mutum yakan ji wani abu na taruwa kamar atishawa. Zai iya dannewa na ɗan lokaci, amma dannewar tana gajiyarwa, shi ya sa "daina mana" da ake ce wa yaron nan ba ya taimakonsa.

Ganin likita a nan ba a biya a ƙofa, sai dai mu baƙi mun riga mun biya fam 1,035 na kowace shekara tare da kuɗin biza, kowane magani kuma fam 9.90. Jira ne ke cin rai: likitan unguwa ne zai tura ka ga ƙwararre, kuma na yi watanni kafin a kira ni. A Bauchi mutum kan shiga kemis ya fito da magani a take, kuma wannan saurin ne nake jin tsoro. Irin su haloperidol da risperidone suna rage fizgar, amma suna sa barci da ƙiba, wani lokaci da sandarewar jiki. Don Allah kada ya sha ba tare da likita ba. Ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU).

Abin da ya fi amfanata ma ba ƙwaya ba ne. Horo ne ake yi: ka koyi gane alamar tun tana tasowa, sai ka yi wani motsi da ke hana fizgar fita, kamar jan numfashi a hankali ta hanci idan gyaran murya ya taso. A nan kuma dokar daidaito ta 2010 ta sa wurin aiki ya sassauta wa mai larura. Ni an mayar da ni aikin rana, barcina ya daidaita, abin ya ragu sosai.

Amma a nan ba mai zama da kai. Ba wanda zai ce iska ce ko asiri, ba kuma wanda zai tambayi yadda ka kwana. Ku kuna da masu zama da mutum. Addu'a a ci gaba da yi, amma a daina zagaya shi ana kallo ana cewa an yi masa jifa, domin kunyar kaɗai tana ƙara fizgar. Ki yi magana da matarsa da surukansa su fahimta. Kuɗin hayar zan turo rabi ƙarshen wata, ki ce masa ya riƙa kwanciya da wuri.