Hajiya, ki kifa teburin ki duba cikinsa kafin ki biya

Hajiya, na ga hotunan biyu da kika saka kina tambayar wanne ya kamata ki saya kuma nawa za ki taya: tsohon teburin cin abincin nan mai kujeru shida da dillaliya ta kawo miki tallarsa daga Tudun Wada, da wancan mai ƙyalli na shagon kayan ɗaki. Duk na zauna da irinsu.

Wanda ke falona na Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Ma'aikacin reluwe ne a nan Gusau, ya saye shi hannun wani abokin aikinsa da aka mayar Zariya, tun ban shiga firamare ba. Jan katako ne, wanda kafintoci ke ce wa mahogani, mu kuma madaci muka sani, dangi ɗaya ne. Ranar da aka kawo min shi bayan rabon gado, ƙarti huɗu suka kinkimo shi suna nishi. Har yau akwai baƙin tabo a gefe ɗaya inda ƙanena ya kifar da fitilar ƙwai muna aikin makaranta, kuma na hana kafinta taɓa wurin da samfefa. Tsakani da Allah ba wani cin abinci muke yi a kansa ba, tuwo dai a tabarma ya fi shiga. Sai da azumi ake jera masa kunu da ƙosai, ko in Alhaji ya yi baƙi. Amma hunturu nawa ya wuce ta kansa, tun muna jihar Sakkwato kafin a yanke mana Zamfara a 1996, bai tsage ba, ƙafa ɗaya ba ta taɓa yin rawa ba.

Na kanti kuwa na taɓa saya wa ɗiyata cikin kayan ɗakinta. Kyau kam akwai, amma MDF ne, garin katako da gam aka matse, damina biyu ya yi ƙafafunsa suka kumbura kamar burodin da ya sha shayi.

Sai dai kada tsufa ya ruɗe ki, ba kowane tsohon tebur ba ne abin arziki. Ki sa a kifa shi. Cikinsa babu mai ɓata lokacin yi masa kwalliya, nan gaskiyarsa take. Ki ɗauki makulli ki ɗan kankare inda ba a gani. In madaci ne za ki ga ja har ciki. In loko ne, wato iroko na kudu, ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya, shi kuma gara ba ta cika kusantarsa ba. In kika ga fari fat ya leƙo, malaina ce aka shafa wa kala. Sannan ki dubi bakin teburin: katako na gaskiya zanen jikinsa yakan bi har gefe, filawud kuwa za ki gan shi hawa-hawa, ko ki ga an liƙa masa fomeka an rufe. Ki lura da yadda aka haɗa ƙafafun. Aikin da, hudawa suke yi su cusa katako cikin katako su soke shi da ɗan turke, ba ƙusa da gam kawai ba. Sukurun ma yana magana: mai tsaga ɗaya ya fi yawa a tsohon aiki, mai kuros a ka ko dai sabon aiki ne ko an taɓa gyara.

Kujerun ne inda kuɗi ke tafiya. Su ke fara mutuwa. Ki zauna kan kowace ɗaya ki jingina da ƙarfi, ki ji ko ƙafafun baya suna kuka. Ki jera su shida ki gani ko uwa ɗaya ta haife su, don sau da yawa huɗu ne na asali, biyu an ƙera daga baya an yi musu feshi su saje. A hotonki ma ta ƙarshen nan ta hagu bayanta ya fi na sauran tsawo, ko idona ne?

Maganar farashi, kada wani ya kawo miki zancen kayan tarihi. Wannan kasuwar a Ingila da Amurka take, nan Gusau katakon da aikin ake saye. Ki tambayi kafintan da kika yarda da shi nawa zai yi miki irinsa sak da busasshen madaci a yau, ki cire kuɗin gyara da sabon yadin kujeru da kuɗin mota, abin da ya rage shi ne iyakar hawanki, ki fara tayi daga ƙasa sosai. In ya ce madobiya ce, to ki ɗan saki hannu, don ta yi wuya. An yi ta sare ta ana lodawa Sin har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dabbobi da tsirrai masu neman ƙarewa, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu tun 2017.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Masu sayar da tsofaffin kaya akwai na Allah akwai 'yan damfara. Duk teburin da suka riƙe sai su ce daga gidan Bature ya fito. Sukan kwaɓa garin katako da gam su toshe ramukan ƙwari, su bi da feshi mai kauri, sai ya kwana biyu a gidanki ki fara share gari a ƙarƙashinsa kowace safiya. Ki ƙwanƙwasa ƙafafun, inda ya yi ƙarar gwangwani an cinye cikin. Kuma kada ki tura ko sisi na kafin alƙalami a kan hoton WhatsApp.

Ni dai tsohon za ki ɗauka. Ki je da rana tsaka tare da kafintanki, ba na dillaliyar ba, a fito da shi tsakar gida a kifa. In kankararki ta nuna ja kuma kujeru biyar sun tsaya da ƙafafunsu, ki biya a ɗora a mota a ranar, ta shidan kafinta zai ɗaure miki ita.