Tsakanin Waza da Zakuma, ga wanda zan ce ka zaɓa

Malam, tun da ka ce daga Marwa za ka taso da iyali don ganin namun daji, na san Waza, gandun dajin arewacin Kamaru, ce ta fara zo maka a rai, domin tafiyar ba ta wuce kilomita 120 ba. Amma na taka wuraren biyu da ƙafata, kuma shawarata ita ce ka ƙara haƙuri, ka ƙara guzuri, ka tafi gandun dajin Zakuma a Chadi.

Waza tana da tarihi, domin tun 1934 aka keɓe ta, ta zama babban gandun daji a 1968, kuma har yanzu akwai raƙuman dawa da jiminu. Sai dai tun da aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 ambaliyar da ke shayar da fadamunta ta ragu, ga kuma matsalar tsaro tun bayan sace wani iyalin Faransawa a kusa da Dabanga da ke yankin a 2013. Kuɗin da na ba wani ɗan jagora a Marwa don ya kai mu can, har yau ina da-na-sanin sa.

Zakuma kuwa tana kudu maso gabashin Chadi, kusa da Am Timan, an kafa ta a 1963, faɗinta kusan murabba'in kilomita 3,000. Mu ta Kusuri muka tsallaka gadar Ngeli, muka kwana Injamena, sannan muka kama hanyar Mongo da mota katkat. Tafiyar kusan kilomita 800 ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, yara sun gaji tiɓis. Amma washegari da asuba, da aka kai mu fadamar Rigek, gajiyar ta gushe. Gauraki sun cika bakin ruwa, ɓauna garke bayan garke, tsuntsayen jan baki kuwa suna tashi kamar hadari har sai da suka kare mana rana. Ƙaramar 'yata, wadda ba ta taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a littafin makaranta, ta yi tsit ta riƙe mini hannu. Irin da muka gani ana kiran sa na Kordofan, kuma kusan rabin waɗanda suka rage a duniya a nan suke.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne giwaye. A 2002 sun haura 4,000, amma mahara masu neman haure da ke zuwa bisa dawakai suka yi ta kashe su har suka koma wajen 450 a 2010, shekarar da gwamnatin Chadi ta danƙa kula da gandun ga ƙungiyar African Parks. Tsoro ya sa giwayen suka dunƙule garke ɗaya suka daina haihuwa. Yanzu sun haura 600, kuma da idona na ga jarirai suna bin iyayensu. A hedkwatar gandun har akwai manyan toraye da ke zuwa shan ruwa daga tiyo a hannun mutum. Wannan kwanciyar hankali da jini aka saye shi, domin a 2012 aka kashe masu gadin daji shida a sansaninsu na Heban suna sallar asuba, Allah ya jiƙan su.

Ka sa tafiyar tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da tafkuna suka janye dabbobi suka taru wuri ɗaya, ko da yake zafin ba na wasa ba ne. Da damina ruwa yana shafe hanyoyi, ana rufe wa baƙi ƙofa.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da dillalan tafiya da ke yawo a WhatsApp da hotunan goggon biri (wato gorila) da na cimfanzi, suna neman a tura musu kafin alƙalami ta waya. Babu waɗannan a Zakuma, babu su a Waza. Gidansu dazuzzukan kudancin Kamaru ne, kuma wanda ke son ganin waɗanda aka ceto sai ya je Limbe ko Mefu kusa da Yawunde. Biran da za ka gani a nan su ne bika da jan biri da kirka. Kada ka biya kowa ko dala sai ka tuntuɓi masaukin Tinga da ke cikin gandun Zakuma da kanka, ka kuma ga motar da idonka, ka duba tayoyinta da safaya.

Haka kuma a kan hanya za ka iya haɗuwa da mai sayar da ɗan biri ɗaure da igiya a ƙugu, kuma yara za su roƙe ka. Ka hana su. Ba a raba jaririn biri da uwarsa sai an kashe ta, kuma kuɗin da ka bayar don tausayi shi zai mayar da mutumin daji neman wani. A cikin gandun ma kada a miƙa wa bika abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum yakan zama mai ƙwace da cizo, daga ƙarshe a harbe shi.