Gidan kallon dare na wajen Ƙofar Ƙaura: yadda yake haska wasan ƙarshe na NBA

Galibin gidajen kallo a Katsina don ƙwallon ƙafa aka tsara su. A shiga da yamma ko bayan isha'i, a yi minti 90, a watse. Ƙwallon kwando na Amurka bai dace da wannan tsari ba ko kaɗan, shi ya sa idan watan Yuni ya kama, aka zo wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar wannan wasa, masu son kallo kan rasa inda za su. Akwai wani gidan kallo a yankin Ƙofar Ƙaura da ke buɗewa cikin dare saboda wannan wasa, kuma a ganinmu ya cancanci a je. Ya gyara batun wuta fiye da takwarorinsa. Amma yana da rauni babba a wajen ruwan sama, da wani ƙarami a wajen allon sanarwa, kuma duka biyun suna iya sa mutum ya yi asarar barcinsa a banza.

A fara da lokaci, domin a nan mutane suka fi tafka kuskure. A 'yan shekarun nan ana fara wasannin ne da ƙarfe 8:30 na dare agogon gabashin Amurka, na ranar Lahadi kuma ƙarfe 8:00. Tsakaninmu da su awa biyar ne a wannan wata, wato ƙarfe 1:30 ko 1:00 na dare a nan, kuma ranar ta riga ta juya. Wasan da aka rubuta na Alhamis, a Katsina na asubahin Juma'a ne. Allon da ke ƙofar gidan yana kwafo ranar Amurka yadda take, ya haɗa ta da agogon Najeriya. Wanda ya bi allon zai zo kwana guda kafin wasa, ya tarar da ƙofa a kulle. Gyaran bai wuce alli ɗaya ba: a rubuta "daren Alhamis, wayewar Juma'a". Haka kuma allon yakan jera wasa bakwai kamar dole ne a buga su duka. Ba haka ba ne. Ƙungiyar da ta fara cin huɗu ta ɗauki kofi, saboda haka na biyar, na shida da na bakwai sai in buƙata ta kai. A 2024 Boston ta gama da Dallas a wasa biyar, Denver ma haka ta yi wa Miami a 2023.

Wasan kansa kwata huɗu ne, kowace minti 12, jimla 48, da hutun rabin lokaci na minti 15. Sai dai agogo yana tsayawa a kowane laifi, kowace fita waje, da duk lokacin da koci ya nemi a dakata, kuma kowace ƙungiya tana da damar hakan sau bakwai. Idan aka haɗa da talla da duba bidiyo da alƙalai ke yi, zama yana kai awa biyu da rabi, wani lokaci ya doshi uku. In an yi kunnen doki a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har sai an samu wanda ya ci. Ke nan wasan da aka fara 1:30 yana ƙarewa wajen ƙarfe huɗu ko ɗan gota haka.

Waɗannan mintocin na wajen ƙarfe huɗu su ne ma'aunin gidan kallon ƙwallon kwando, ba girman talabijin ba. A ƙwallon ƙafa ana iya jefa ƙwallon da ta raba gardama a minti na 20. A nan kuwa sau da yawa sai a daƙiƙun ƙarshe. Wasan farko na 2025 ya isa misali. Oklahoma City tana gaba da maki 15 a kwata ta huɗu, Indiana ba ta taɓa shiga gaba ba tun da aka fara, sai da ɗan wasanta Tyrese Haliburton ya jefa ƙwallo saura daƙiƙa 0.3, aka tashi 111 da 110. A nan gida asubahin ranar Babbar Sallah ne, 6 ga Yuni. Gidan da hotonsa ya ɗauke na minti ɗaya a wannan gaɓa, kamar bai haska wasan ba ne gaba ɗaya.

A nan ne gidan ya yi abin a yaba. Talabijin da dikoda ba sa kan janareto kai tsaye, suna kan inbata ne da batir biyu masu 200Ah. Amfanin wannan a fili yake. Inda ake juya wuta da hannu daga ta gari zuwa janareto, dikoda takan mutu, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana lalubo tashoshi kafin hoto ya dawo. A nan ko an ɗauke wuta, hoton ba ya ko ƙiftawa. Lissafin kayan ma ya fita. Talabijin biyu masu inci 55 suna jan kamar wat 200, dikoda da lasifika kamar 60, fanka huɗu na tsaye kamar 220, ƙwan fitila kamar 20. Jimla wajen wat 500. A awa uku, da abin da inbata ke ci da kanta, ana buƙatar kimanin 1,750Wh. Batir biyu na 12V masu 200Ah suna riƙe 4,800Wh, kuma irin wannan batir na ruwa ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, wato abin amfani 2,400Wh. Ya ishi wasa har da ƙarin lokaci.

Sharaɗin shi ne batir ya kasance cike da ƙarfe ɗaya na dare. Sola ba ta aiki tun magariba, kuma gidan yana haska fina-finai da cajin wayoyi da daddare. Idan aka yi wannan hidima a kan batir, inbata za ta fara kuka a kwata ta uku. Yaran gidan sun san dabarar: sukan kunna janareto lokacin hutun rabin lokaci ya ƙara wa batir caji, in ya cancanta su kashe fanka biyu. Dabara ce mai kyau, amma ya fi a cika batir da janareto daga ƙarfe 11 zuwa 12:30, kafin unguwa ta yi tsit. Ƙarar janareto da ƙarfe uku na dare tana shiga haƙƙin maƙwabta, kuma irin wannan ne ke sa mai unguwa ya sa baki.

Raunin da ya fi damun mu shi ne hadari. Yuni farkon damina ne a Katsina, kuma ruwan farko yakan zo cikin dare da iska mai ƙarfi. Siginar tauraron ɗan'adam da waɗannan dikoda ke kamawa tana raunana idan gajimare mai ruwa ya tare ta. Hoto ya fara tsinkewa gida-gida, murya ta sarƙe, sannan allo ya yi shuɗi. Farantin kama sigina na gidan, wato dish, ƙarami ne, mai santimita 60, kuma an ɗaure shi a ƙarfe siriri a gefen rufi, inda iska ke girgiza shi. Kaucewa kaɗan ta isa ta zubar da sigina ko babu ruwa. Ga kuma mahaɗin waya da ke jikin LNB, wato na'urar da ke karɓar sigina a gaban faranti, ba a naɗe shi da tef ba, ruwa yana shiga ya yi tsatsa, ingancin sigina ya riƙa raguwa a hankali ba a ankara ba. Abin da ya kamata: faranti mai santimita 90, a kafa shi a bango ko a ƙasa cikin siminti, a naɗe mahaɗin, a sa mai gyara ya daidaita shi yana kallon ma'aunin inganci a dikoda, ba ma'aunin ƙarfi kaɗai ba. Wannan zai rage tsinkewar sosai, ko da yake ruwa mai ƙarfin gaske yana kayar da babban faranti ma.

Saboda haka dole a samu madadi ta intanet, kuma na gidan bai kammala ba. Waya ɗaya ce ake jonawa da talabijin bayan hoto ya riga ya tafi, ana ta neman shiga manhaja mutane suna jira. Ya kamata a buɗe wasan a wayar tun da aka ga walƙiya, a jona ta a mashigar HDMI ta biyu da ke jikin talabijin, in faranti ya gaza a danna rimot kawai. Data kuma a tanada: hoto matsakaici na 720p yana cin kamar giga ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, don haka giga biyar ne kwanciyar hankali ga wasa ɗaya. A sani kuma hoton intanet yana baya da na faranti da rabin minti ko fiye. Wanda ke duba sakamako a wayarsa ya riƙe bakinsa, don Allah.

Wurin zama benci ne da kujerun roba 'yan kaɗan a gaba. A ƙwallon kwando nisa yana da tasiri fiye da ƙwallon ƙafa, domin rabin labarin wasan yana cikin 'yar siririyar rubutun da ke ƙasan allo: agogon daƙiƙa 24 na jifa, wanda ke komawa 14 idan masu kai hari suka sake cafke ƙwallon da ta daki ƙarfen kwando, da yawan laifin kowace ƙungiya, da dakatarwar da ta rage wa koci. Daga layi na biyar zuwa baya ba a iya karanta su a inci 55. Kada a wuce mita huɗu daga allo. Talabijin na hannun dama an bar shi a kan saitin da ke faɗaɗa hoto, yana yanke gefen rubutun. A mayar da shi 16:9 zalla. Kafin a gyara, a zauna ɓangaren hagu.

Sauti ba laifi. Sai in ruwa ya sauka a kan kwano ne ba a jin mai sharhi.

Abin da kuɗi ba ya saye shi ne mutanen wurin. Ba su da yawa, mafi yawansu ɗalibai ne da masu buga wasan da kansu, kuma sun san abin da suke kallo. Sabon shiga zai samu wanda zai yi masa bayanin me ya sa aka fitar da ɗan wasa bayan laifi na shida, ko me ya sa ƙungiyar da ke baya take yin laifi da gangan a ƙarshen wasa don ta tsayar da agogo. Hira takan kai ga namu: Hakeem Olajuwon ɗan Legas da ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, Giannis Antetokounmpo wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da ya zuba maki 50 a wasa na shida ya ɗauko wa Milwaukee kofin 2021, da Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, wanda yake shugabantar Toronto lokacin da ta ci a 2019.

Kuɗin shiga ya ɗara na ƙwallon ƙafa, kuma bai zama zalunci ba idan aka duba mai da albashin yaran da ke kwana a ido. Abin da bai fito fili ba shi ne hukuncin ranar da hoto ya ɗauke bai dawo ba. Ya kamata mai gida ya rubuta a allo: ko a mayar da kuɗi, ko a shiga wasa na gaba kyauta. A tambaya kafin a biya.

Ana shigar da babura cikin haraba a kulle ƙofa, wannan daidai ne. Mai shayi na gefe yakan tashi wajen ƙarfe biyu, don haka wanda ke son shayi da ƙwai ya saya kafin a fara. Sauro akwai shi, kuma maganin da ake kunnawa a ɗaki rufaffe yana shaƙe mutane, gara doguwar riga da safa. Ba mu ba yaro ƙarami shawarar zuwa shi kaɗai a wannan tsakar dare ba. Wanda gidansa ke nesa, kamar mai zuwa daga Ƙofar Sauri ko Ƙofar Guga, kada ya kama hanya da ƙarfe huɗu. Asuba a watan Yuni tana shiga wajen biyar saura kwata, akwai buta da tabarma a harabar, ya jira a yi sallah gari ya ɗan waye sannan ya tafi.