Midnight Club 3 na PSP: gem ɗin ya haɗu, amma sai mai haƙurin jiran lodin

Duk wanda ya taɓa riƙe PSP, wato ƙaramar na'urar gem ta hannu, yasan wasannin tseren mota sun mata yawa, amma in ana maganar tseren cikin gari, irin na dare wanda babu fili babu alƙali sai kai da motocin mutane da 'yan sanda, ni dai har yau banga wanda ya kamo ƙafar Midnight Club 3: DUB Edition ba. Kuma shi ɗin dai shine yafi kowanne ƙona min rai. Na buga shi a PSP da faifansa, daga baya na sake bugashi a waya da PPSSPP, manhajar da take buɗe wasannin PSP a waya, to bari in faɗi abinda na gani a kowanne.

Kamfanin Rockstar ne ya fitar dashi a 2005, wato masu GTA. Ya fara fitowa a PS2 da Xbox, bayan 'yan watanni reshensu na Leeds dake Ingila suka mayar dashi na PSP. Abinda suka yi shine basu tsaya yin wani ƙaramin gem daban na aljihu ba, ɗauko na babban akwatin suka yi kusan ɗungurungum suka cusa a ɗan faifan UMD, garuruwa uku na Amurka, San Diego da Atlanta da Detroit, duk a buɗe kana yawo inda kaga dama. Ka duba Need for Speed Underground Rivals da Most Wanted 5-1-0 da suka fito shekara ɗaya dashi, babu yawon gari a cikinsu ko kaɗan, ka zaɓi tsere a menu a ɗora ka kan titin da aka killace kayi ta zagaye. To wannan cusawar da suka yi itace duk daɗin gem ɗin, kuma ita ce ta jawo duk matsalarsa.

Yadda tseren yake shine abinda ya riƙe ni. Kana yawo a gari zakaga wani ɗan tsere a taswira, ka bishi ka haska masa fitila, shikenan an ƙulla. Ba'a toshe maka hanya da komai, wani hayaƙi mai launi ne ake kafawa a wurare, ga kibiya a saman allo tana nuna maka inda na gaba yake, yadda zaka isa can kuma ruwanka. Kana so ka bi babban titi bismillah, kana so ka kutsa ta lungu ko ta cikin wurin fakin ko ka fasa gilashin gini ka ɓulla ta baya, ko ka hau wani tudu motar ta tashi sama ta dira a wani titin, babu mai ce maka don me. Akwai ma irin tseren da ba'a jera maka wuraren ba, kai zaka tsara wanne zaka fara ci wanne zaka bari ƙarshe. Anan ne zaka gane gudun mota kaɗai baya cin wasan nan. Sai kasan garin kamar yadda tsohon ɗan adaidaita yasan lungunan cikin birni, inda kowa ya tsaya a cunkoso shi ya riga ya ɓulla ta wani wajen. Akwai wani tsere a San Diego da ya dinga kayar dani, duk sanda muka zo wata kwana sai inga biyu daga cikinsu sun ɓace sai can gaba in hango fitilarsu, ashe wani siririn lungu ne tsakanin gini biyu wanda in kana gudu bazaka ma lura dashi ba, ranar da na bi bayansu na shiga wallahi daɗin da naji yafi na cin tseren kansa. Kuma da zarar ka gano lungu ya zama naka, zai maka amfani a tsere goma masu zuwa.

Gudun kuwa ba'a magana. Allon PSP inci 4.3 ne kawai amma in ka danna nitro, wato abin ƙara wa mota gudu nan take, gefen allon ya fara dishi-dishi fitilun titi suna wucewa kamar zare, zakaji kana karkata jikinka kana bin kwana. In ka manne a bayan abokin tsere na ɗan lokaci wani ma'auni yana cika ya baka turbo kyauta, shiyasa zama na biyu a gem ɗin nan wani lokacin yafi zama na ɗaya, ka laɓe a bayansa sai an kusa ƙarshe ka fizge. Sannan kowane rukunin mota da nasa sihirin. Ƙananan motocin gudu da manyan na alfarma irin Lamborghini da babura masu gudu sunada Zone, komai ya rage gudu ka samu ka ratsa tsakanin tirela da tasi. Manyan jif da motocin ƙasaita sunada Agro, ka zama kamar katafila kana watsar da duk abinda ya tare ka. Tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji da babura irin masu dogon ƙaho su kuma Roar, wata ƙara ce da take ture motocin gabanka gefe. Abin burgewar shine yadda kowanne yake cika, Zone sai kayi tuƙi mai tsafta baka bugi komai ba, Agro kuma sai kana buge-buge, Roar sai kana jan mota tana zamewa a kwana. Kaga kenan canza mota canza salon tuƙi ne gaba ɗaya. Ni Zone na fi so nesa ba kusa ba, Roar kuwa gaskiya ban cika ganin amfaninsa ba, sau da yawa motar da ka ture ita zata dawo ta tare maka hanya.

Sai gareji, inda lokacin mutum yake tafiya bai sani ba. Wannan ne na farko a jerin Midnight Club da aka saka motocin gaske da sunayensu, kuma an yi shi ne da haɗin gwiwar mujallar motoci ta DUB, shiyasa ƙyale-ƙyale ya masa yawa. Zaka fara da ƙananan kaya irin Golf R32 ko Jetta ko Eclipse ko tsohuwar Impala ta 1964, a hankali ka kai ga Chrysler 300C da Escalade da Hummer da Marsandi, can sama kuma su Saleen S7. Rim kala-kala har da masu juyawa bayan mota ta tsaya, fenti mai canza launi, tintak, fitilar ƙarƙashin mota, bamba, salansa, sitika, ga kuma gyaran inji da giya da taya da birki. Shawara dai, kuɗin farko a zuba su a inji da taya, rim baya cin tsere. Ajin motoci daga D yake tashi zuwa A, kuma akwai kulob-kulob da basa karɓarka sai da irin motarsu, dole ka ajiye jif ko babur ko da baka so. Baburan akwai gudu amma ƙaramin karo zai wurgar da kai ƙasa, kafin ka tashi an wuce ka.

Labari kam babu wani labari. Makanikai ne guda uku, Oscar a San Diego, Apone a Atlanta, Vince a Detroit, su fito suyi surutu su ce ga sabon abu ya buɗe. Ban damu ba, ba labari nazo ji ba.

To yanzu lodin. Innalillahi. A faifan UMD kafin tsere ɗaya ya buɗe sai ka haura minti guda kana kallon allo, ba ƙari nake ba, duk wanda ya buga zai shaida kuma tun fitowarsa masu sharhi suka yi ta kuka da wannan. Ka kunna gem lodin, ka shiga gari lodin, ka haska ma wani fitila lodin, ka gama tsere ka koma gari lodin, ka ce bari in leƙa gareji in canza fenti lodin, ka fito wani lodin. Kana jin faifan yana ƙiii ƙiii a bayan injin kamar zai tsage, batir kuma yana zuba don juya faifan nan shi yake shan caji. Tseren da bai wuce minti biyu ko uku ba ka jira rabin hakan kafin ya fara. Kuma abinda yasa ya fi ciwo, ai amfanin gem na hannu shine ka buga a ɗan tsakanin lokaci, kana jiran mota ta cika a tasha ko kana layin aski, to wannan kafin ya buɗe an kira ka. Dabarar da kowa ya koya itace kar ka kashe injin gaba ɗaya, ka ɗan tura makunnin sama ya yi barci, in ka dawo ka tashe shi daga inda ka tsaya. PSP 2000 da ta fito a 2007 an ƙara mata ƙwaƙwalwa tana ɗan rage jiran faifai, amma fa ɗan ragi ne.

Na biyu, injin yana haki. In motoci suka taru a kwana ɗaya, ga 'yan sanda ga ruwan sama, sai hoton ya fara sarƙewa, kuma daidai lokacin ne kake buƙatar ganin komai sarai. Ƙari akan haka gem ne na dare, allon PSP ta farko kuma yanada wata inuwa da yake bari in abu mai duhu yana motsi da sauri, sai ka rasa bakin lungu ne a gabanka ko bango. Da rana a waje kuwa kar ma ka fara, fuskarka kawai zaka gani a allon. Taswirar dake ƙasa ƙarama ce, kana ƙoƙarin leƙa ta ka ɗago ka tarar da bas a gabanka. Kibiyar ma tanada nata halin, kai tsaye take nuna inda hayaƙin yake ko da gini ne a tsakaninku ko wurin yana saman gada kai kana ƙasa, sabon shiga zai sha bin ta ya ƙare a bango.

Maɓallai ma sun yi kaɗan. Pad ɗin PS2 yanada huɗu a kafaɗa da analog biyu, PSP biyu ne da ɗan analog guda ɗaya mai kamar maɓallin riga, ga totur ga birki ga birkin hannu ga nitro ga sihiri ga karkatar da nauyin mota ga fitila, sai an bi an cakuɗa. Ana sabawa, amma babban yatsan hagu yana jin jiki in aka daɗe, musamman a motocin aji A da ɗan taɓi kaɗan suke juyawa.

Abokan tseren kuma akwai rainin hankali. Ko ka basu tazara mai yawa, ka bugi mota ɗaya dab da ƙarshe sai kaga su huɗu sun wuce fiu, haka kuma in kai ne a baya sukan ɗan lafa har ka kamo su. Wannan yana sa kowane tsere ya zama da zafi har ƙarshe, na yarda, amma yana sa kaji kamar tuƙin kirkin da kayi a farko bashida lada. Daga Atlanta zuwa Detroit wahalar tana tashi sosai, akwai tseren da sai ka haddace shi kwana-kwana, kuma motocin titi ba kullum suke fitowa wuri ɗaya ba, wani lokacin sa'a ce kawai.

Kiɗan yanada yawa, hip hop da rok da na disko da dancehall, wasu waƙoƙin akwai kalaman da ba na gaban yara ba, ni nakan rage shi in bar ƙarar inji. Ana iya haɗa PSP da PSP har mutum shida in kuna kusa da juna, amma babu wasa ta intanet kamar na PS2. Sannan sabon bugun gem ɗin, wato Remix, da ya fito a 2006 mai ƙarin birnin Tokyo da sabbin motoci bai zo PSP ba, masu son Tokyo sai dai su nemi Midnight Club: L.A. Remix na 2008.

A waya labarin ya juye. PPSSPP, wanda Henrik Rydgård ya fara a 2012 kuma shi yawancin samarinmu suke buga wasannin PSP dashi yanzu, ya kusa kashe matsalar lodin tunda babu faifan da zai juya, abinda yake cin minti ya koma 'yan daƙiƙu, kuma in ka ɗaga hoton zuwa ninki biyu motocin suna fitowa tas, fentin da ka ɓata lokaci akai sai yanzu zaka ganshi da kyau. Kana iya ajiye wasa a ko'ina ma. Sai dai sabuwar matsala ta shigo, tuƙi da maɓallan kan gilashi. Gem ɗin da yake buƙatar ka riƙe totur ka taɓa birkin hannu ka danna nitro kusan lokaci guda, yatsa yana zamewa akan gilashi, hannunka kuma ya rufe taswira. San Diego zaka iya lallaɓawa haka, Detroit kam ban ga alama ba. Pad na bulutut shine maganin, ko mai arha ne. Gem ne mai nauyi, ƙaramar waya zata yi zafi sauti ya dinga kakkatsewa, sai ka mayar da hoton ninki ɗaya ka kunna frameskip, wato tsallake wasu hotunan don rage wa waya nauyi. Kuma a guji matsattsen fayil irin CSO in akwai wuri a waya, don gem ɗin yana ɗauko garin ne kana cikin gudu, matsattsen yana sa shi tsaitsayawa.

In PSP ce a hannunka da faifai kuma ɗan taɓawa kake so kafin a kira ka, Burnout Legends zai fi maka. In kanada waya mai ɗan ƙarfi da pad da lokacin zama, wannan nake cewa ka saka, ka fara da Golf ɗin, yafi sauran riƙe titi a kwana.