Alƙahira, Khartum ko Kwatano: ina za a tura yaro karatu?

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da JAMB ya fito, wayata ba ta hutawa. Iyaye na tambaya wane gari ya fi dacewa a tura yaro. Ni dai har gobe Alƙahira nake cewa, domin can na yi karatuna, na san daɗinta na san wuyarta.

Abin da nake fara dubawa shi ne takardar da yaro zai dawo da ita. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja za ta tantance ta har ya tafi bautar ƙasa? Jami'ar Azhar, wadda ta haura shekara dubu, da Jami'ar Alƙahira da Ain Shams, babu mai yi musu tambaya a kan wannan. Mai son likitanci ya sani dai jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, tana jiransa idan ya dawo, ko daga ina ya fito.

Rayuwar garin kuma talaka zai iya da ita. Wanda ya samu gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ya huta da kuɗin haya. Sauran kan haɗa kuɗi su huɗu ko biyar su kama gida a Hayyul Ashir ko Hayyus Sabi'i cikin Madinatu Nasr, inda za ka ji Hausa a bakin shago kamar kana Fagge. Da safe ka sayi ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (ƙosan Masar) cikin burodin baladi mai zafi, ya riƙe ka har la'asar. Jirgin ƙasa na metro yana da araha.

Wuyarta ita ma a faɗe ta. Layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, a ofishin fasfo na Abbasiyya yana cin yini guda. Larabcin kan titi daban yake da wanda ka koya a Islamiyya, sai ka yi wata uku kunnenka bai buɗe ba. Sanyin Janairu yana ratsa ƙashi, a tafi da bargo. Azhar kuma tana iya mayar da kai ma'ahadi, makarantarta ta ƙasa da jami'a, bayan jarrabawar gwaji kafin ka shiga kulliya, wato tsangayar jami'a, kada wannan ya karya maka gwiwa.

Khartum ta taɓa zama zaɓin Bahaushe na farko saboda Jami'ar Afirka, amma tun yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, har aka kwaso ɗalibanmu a bas zuwa iyakar Masar, ba na tura kowa. Arewacin Cyprus kuwa Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, wannan ya ishe ni. Kwatano ta ɓata sunanta: a Disamba 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida, a Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, dillalan gurbin karatu. Ɗan yayana ne ya faɗa hannun wani mai ofishi da katafaren allo a ƙofa. Yayana ya sayar da fili ya kai masa kuɗi a hannu, ko rasit babu. Aka turo takardar gurbi ta WhatsApp, da tambari da hatimi shuɗi, gwanin kyau. Da na duba sai na ga sunan kulliyar ma an rubuta shi ba daidai ba. Na roƙi wani abokina ya kai ta ofishin ɗaliban waje na jami'ar, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya ce sunan yaron ba ya cikin littafinsu. Ranar da na faɗa wa yayana, shiru ya yi, ya daɗe yana kallon tabarma.

Saboda haka duk wanda ya ce maka "Alhaji, kawo kuɗin yau, gobe za a rufe", ka riƙe aljihunka. Wanda ya ce yaro ya shiga da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ka tambaye shi wa zai gyara kuma a wane ofishi. Wanda ya karɓi fasfo ya ƙi mayarwa, ka je da shaidu ka karɓo. Jami'o'in gwamnatin Masar suna da shafin Study in Egypt da ɗalibi zai cike da hannunsa, Azhar kuma tana da tata hanyar daban. Kuɗin makaranta a biya su kai tsaye inda jami'a ta ce, a ajiye rasit, sannan kafin a sayi tikiti a nemi ɗalibin da ke can yanzu ya taka da ƙafarsa ya ga sunan yaron a rubuce.